Birki na Uku a Keken Boeta Sedick

Duk wanda ya saba bin hanyar Chappies, titin nan da ya bi gefen dutse a saman teku, da safiyar Lahadi ya san mu, ko da bai san sunanmu ba. Keke ɗaya mai sirdi biyu, wata ƙatuwar mace a gaba tana haki tana masifa, wani siririn dattijo a baya yana murmushi kamar an yi masa albishir. Macen ni ce, Gaironesa, ana ce mini Nesa. Dattijon yayana ne, Boeta Sedick, makaho. Shekara tara ina tuƙa shi a gefen dutsen nan, teku na can ƙasa yana jiran wanda zai yi kuskure. A shekara ta tara kuwa, ni da nake gaba riƙe da ransa da nawa, idona ya fara mutuwa, ban gaya wa kowa ba. Na faɗa tun yanzu ne don kada wani ya ɗauka ni ce ta kirki a labarin nan.

A Hangberg aka haife mu, unguwar masunta da ke saman tashar jiragen Hout Bay. Ubanmu masunci ne, ubansa ma haka. Sai ga Boeta, ɗan fari kuma namiji tilo, da ya sa ƙafa a jirgi sai amai. Ba sai an fita teku ba, jirgin na ɗaure a tasha ma sai ya zazzage cikinsa. Sau bakwai Baba yana gwada shi. A na bakwai ya dawo da shi gida a kafaɗa, ya dire shi gaban Mama ya ce, "Ga ɗanki nan. Akuya kika haifa mini, a ba shi dutse ya hau." Aka saya masa wani tsohon keke mai kwando don ya riƙa kai kifin snoek gidajen masu hali. Abin da aka yi don a kunyata shi, shi ya zame masa sana'a. Ya koyi gyara, ya buɗe rumfa a bayan gida, kuma kullum bayan asuba, kafin ya buɗe rumfar, sai ya hau Chappies har ƙoli ya dawo. Shekara talatin da ɗoriya yana haka. Ranar da aka rufe hanyar saboda iska ko faɗowar duwatsu, kada Allah ya haɗa ka da shi, ko gaisuwa ba ya amsawa.

Yana da shekara hamsin ciwon suga ya ci idonsa. Ciwon gidanmu ne, shi ya tafi da ƙafar Mama. Ya fara da ganin wani baƙin zare yana yawo a ido, kafin a ankara hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Matarsa Shariefa, Allah ya ji ƙanta, mace ce mai tausayi, kuma tausayin nan ya kusa kashe shi. Tun yana ɗan gani ta kwashe kayan aikinsa ta kulle, wai kada ya ji wa kansa ciwo. Kekensa ta bayar kyauta. Nama ma yayyanka masa take a faranti kamar jariri. Ni ma da hannuna a ciki, ni na cire allon rumfar. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado shekara biyu cur, ya rame har wandonsa na zamewa.

Wata rana na dawo daga kamfanin kifi inda nake aiki, na kai masa abinci, sai ya ce, "Nesa, nauyinki nawa ne yanzu?"

Na ce, "Ina ruwanka da nauyina? Sayar da ni za ka yi?"

Ya ce, "A keken mutum biyu, wanda ya fi nauyi shi ke zama a gaba. Na yi tunani, duk Hangberg ban ga wanda ya kai ki cancanta ba."

Saura kaɗan na kifa masa farantin a ka. Amma rabona da jin ya tsokani mutum shekara biyu ke nan, sai na shige kicin na sha kukana. Washegari na karɓo masa mukullin kayan aikinsa daga hannun Shariefa da ƙyar da jiɓin goshi. Da lalube ya haɗa keken daga gawar kekuna biyu, mai walda na ɗinke inda ya nuna masa. Ya sa masa suna Kwalekwale, ya ce shi ne kaɗai jirgin da ba ya sa shi amai.

Kafin mu fita ranar farko ya zaunar da ni. Ya ce na gaba shi ne ido, saboda haka na gaba ba ya shiru. Rami ne, a ce rami. Kwana ce, a ce kwana, dama ko hagu, tun kafin a kai. Kuma na gaba ba ya ƙarya ko ta wasa, domin na baya ba shi da abin dogaro sai bakinsa. Na ce, "To kai fa? Naka aikin zama?" Ya ce, "Nawa feda. Kuma ba na karkata jikina ko da wasa, buhun dankali ne ni. Ranar da na baya ya fara tuƙi da jikinsa, ranar za a tsinto mu a ruwa."

Haka muka yi shekara takwas lafiya. Mu tafi Noordhoek, garin da ke ɗaya ƙarshen hanyar, mu juyo. A tafiya muna gefen dutse. A dawowa kuwa muna gefen teku, tsakaninmu da faɗawa sai wata 'yar katangar dutse da ba ta wuce gwiwa ba. In mun kai ƙoli sai mu tsaya a inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto, mu fito da koesister ɗin Lahadi, soyayyen ƙullin fulawa mai suga da kwakwa, wanda likita ya hana mu duka biyun. Mu raba guda ɗaya. Yana lashe yatsu zai ce, "To Nesa, me kika gani?" In gaya masa launin ruwa, da jiragen da suka fita, da na wane ne, da ko ƙattin kifayen nan masu fesa ruwa ta ka sun iso. Ya riƙa gyaɗa kai. Wallahi wannan tambayar ce abincinsa na mako.

A watan Maris na shekara ta tara ina fere kifi a wurin aiki na ga wani baƙin zare ya gifta ta idona na hagu. Na goge, yana nan. Na wanke fuska, yana nan. Na zauna a kan bokiti. Ba sai an gaya mini ba, na san baƙon nan, a gidanmu ya taɓa sauka.

Za a ce me ya hana ni zuwa asibiti. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don Boeta ne, in na faɗa za a rataye Kwalekwale a bango, shi kuma ya koma bakin gadon nan. Akwai wannan. Amma gaskiyar magana tsoro ne ya riƙe ni. Na ga yadda ake yi wa makaho, ni da kaina na yi. Ina tsoron ranar da wani zai karɓe wuƙa daga hannuna ya ce in zauna in huta. Sai na yi ta cewa mako mai zuwa. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ni kuwa na tsaya ina kallo har nawa ya fara hayaƙi.

Zaren ya zama biyu, ya zama gizo-gizo. Zuwa tsakiyar shekara idon hagu ba ya ganin komai sai dishi-dishi, na dama kuma hasken rana na dukansa sai komai ya yi fari. Na daina kallon hanya, na koma bin layin rawaya da ke bakin titi, shi kaɗai nake iya riƙewa. Duk gangara in riƙa karanta duk addu'ar da na sani, gumi na bin bayana cikin sanyi. In mun kai ƙoli ya ce me kika gani, in duba, ba abin da nake gani sai fari da shuɗi a cakuɗe, sai in ɗauko masa na tsohuwar ajiya: ruwa shuɗi ne, ga jan jirgin su Oom Dawie can ya fita. Ina faɗa bakina na ɗaci.

A wannan tsakanin Boeta ya tsiri abubuwa biyu da suka ƙona mini rai. Na farko, ya yi kwana uku a rumfa yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase, ya ƙara wa keken birki na uku a cibiyar wilin baya, madanninsa kuma a hannunsa shi, ba nawa ba.

Na ce, "Wannan kuma na mene ne? Biyun da nake da su sun yi laifi?"

Ya ce, "Ƙiba kike ƙarawa, Nesa. Robar birki ma baiwar Allah ce, a tausaya mata."

Na ce, "Makaho da birki! To saura madubi, in saya maka?"

Na biyu, ya ce dole in haddace kwanonin gangarar Hout Bay da sunayen da ya raɗa musu tun yana saurayi. Kwanar Ɗigo, inda ruwa ke tsatsowa daga dutse. Kwanar Iska, inda katanga ke da giɓi. Kwanar Mama, inda ya taɓa faɗuwa ta zane shi. Duk Lahadi sai ya yi mini jarrabawa: "Wacce ke tafe? Taka feda nawa tsakaninsu?" In ce masa ni ba 'yar makaranta ba ce, tsufa ne ke damunsa. Ko a jikinsa.

Ranar da abin ya faru, Lahadi ce a watan Satumba. Gari ya waye tas, babu iska. Muka je Noordhoek muka juyo, muka hau ƙoli, muka ci koesister, na yi masa ƙaryata ta mako. Ya ɗaga hanci sama ya shaƙi iska.

Ya ce, "Ina jin ƙamshin hazo. Duba ƙasa, akwai?"

Na duba. Fari na gani, amma ai kullum fari nake gani. Na ce, "Babu komai, tas yake."

Wannan ita ce ƙaryar da ta kusa kai mu lahira.

Muka kama gangara. Kwana ta farko lafiya, ta biyu lafiya, keken ya ɗauki gudu, mu biyu da keken mun haura kilo ɗari da saba'in. Muna shan ta uku sai na ji sanyi ya mare ni a fuska. Hazon teku ne ya hauro dutsen ya kwanta a kan titi. Layin rawaya ya dushe, ya dushe, ya ɓace. Na zare ido iya ƙarfina. Babu titi, babu katanga, babu wilin gabana ma. Fari kawai, da baƙaƙen zaren nan suna iyo a ciki. A hagu kuma, can ƙasa, ina jin ruwa yana dukan duwatsu.

Na damƙe birki biyu na riƙe gam. Bakina ya mutu, ni da aka ce ba na shiru.

"Nesa, yi magana."

Na ƙara danne birkin.

"Nesa! Ina jin ƙaurin roba. Kika ci gaba da danne birkin nan ƙarfen wili zai yi zafi taya ta fashe. Yi magana!"

Sai ihu ya ƙwace mini. "Ba na gani, Boeta! Wayyo Allah, ba na ganin komai! Idona ya tafi, tun Maris, ba na gani!"

Na zaci zai yi salati. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. "Na sani. Saki birkinki, nawa na hannuna."

Ban ma fahimci abin da ya ce ba a lokacin. Na ce, "Mu tsaya! Don Allah mu tsaya!"

"Saurari bayanki."

Na saurara. Rurin inji ne, babba, yana saukowa a bayanmu, irin bas ɗin nan mai hawa biyu na masu yawon buɗe ido. A wannan wurin babu gefen tsayawa ko na taku ɗaya, daga titi sai katanga, daga katanga sai iska.

Ya ce, "Muka tsaya nan ba zai gan mu ba sai ya hau kanmu. Akwai fili bayan kwanoni huɗu. Saki, na ce!"

Ban san yadda aka yi yatsuna suka buɗe ba. Keken ya zabura, sai na ji wani nauyi ya kama mu daga baya, a hankali, yana rage gudun. Birki na uku ne.

"Yanzu ki bi jikina. In na karkata ki karkata, kada ki yi gardama, yau ɗaya a rayuwarki. Wacce ke tafe?"

"Ban sani ba!"

"Kin sani. Saurara, me ke ɗiga?"

Ta dama, a jikin dutse, na ji tsatsar ruwa. Na ce, "Ɗigo. Kwanar Ɗigo."

"Ina ta nufa?"

"Dama."

"To bismillah. Ɗaya, biyu, yanzu!"

Na ji jikinsa ya kwanta dama, abin da bai taɓa yi ba a shekara tara. Na bi shi ina kuka. Wilin gaba ya fara tsalle, kaf kaf kaf, a kan 'yan ƙarafan nan da ake kafawa a tsakiyar titi.

"Kin shiga tsakiya, hannun masu haurowa. Dawo hagu kaɗan. Kaɗan na ce! Ke, ba lilo ba ne!"

Wata mota ta wuce ta damanmu tana hon, iskarta ta kaɗa mini riga. Ko fitilarta ban gani ba sai da ta gota. Na ji fitsari ya zubo mini, ba na jin kunyar faɗa. Na dawo hagu, kuma a hagun nan ne mutuwa take. Na ce, "Katangar fa? Ina katangar?"

Sai ya fara fito, wani siririn fito a gajarce, fit, fit, fit. Na zaci ya haukace. Ashe da shi yake auna katangar, yana jin yadda sautin ke dawo masa.

"Tana nan, kamu uku daga ƙafarki. Riƙe haka. Wacce ke tafe?"

"Iska."

"To a can katanga na da giɓi, fitona zai ɓace. Kada ki firgita, kada ki taɓa birki. Feda goma sha biyu, ki ƙirga da ƙarfi."

Na fara ƙirga. A na biyar fiton ya daina dawowa, wata iska mai sanyi ta hauro daga ƙasa ta shiga ƙarƙashin hular kwanona, ƙarar ruwa ta ƙaru kamar a ƙarƙashin ƙafata yake. Babu komai tsakanina da teku. Na manta shida. Na ce biyar, biyar, biyar. Shi ya karɓa daga baya, "Shida, bakwai, taka, Nesa, takwas." Na tuna ban gaya wa 'yata inda takardun gida suke ba. Na tuna gawar wani mai keke da aka taɓa haurowa da ita da igiya muna 'yan mata, takalmi ɗaya a ƙafarsa. A goma sha biyu fiton ya dawo.

Bas ɗin kuma ya matso. Ina jin hucin birkinsa, ina jin ƙasa na girgiza. Akwai 'yar jar fitila mai ƙyaftawa a bayan sirdin Boeta, ita kaɗai ce tsakaninmu da tayarsa, ban ma tabbata na kunna ta da safe ba. Kwanar da ke bin Iska ban san yadda muka sha ta ba, jikinsa kawai na bi. Fedar hagu ta goga katanga, ƙarfe ya yi ƙara a kan dutse, keken ya yi rawa, na saki salati. Ya ce, "Ba komai, gaisawa kuka yi. Saura Mama."

Kwanar Mama doguwa ce, tana naɗewa dama kamar ba za ta ƙare ba. Birki na uku ya fara kuka, wani ƙauri na tashi. A karo na farko na ji numfashin Boeta ya canza. Ya ce, "Nawa ya yi zafi. Taimaka mini da naki, taɓa ki saki, taɓa ki saki." Jin tsoro a muryarsa ya fi giɓin katangar firgita ni. Na taɓa na saki, na taɓa na saki.

"In na ce hagu, ki juya hagu gaba ɗaya."

"Hagu teku ne, Boeta!"

"Hagu fili ne. Ni ban taɓa yi miki ƙarya a kan keken nan ba. Jira. Jira. Hagu!"

Na runtse idon da ba shi da amfani na juya kan keken wajen ƙarar ruwa. Na jira faɗawa. Sai na ji tsakuwa a ƙarƙashin taya. Wilin gaba ya zame, muka kife, na daki ƙasa da kafaɗa, keken ya danne mini ƙafa. Bas ɗin ya wuce ta inda muke yanzun nan yana ruri, direban bai ma san da mu ba.

Na daɗe a kwance. Sai na ji hannunsa yana laluben fuskata, ya taɓa hanci, ya taɓa haƙora, ya ce, "Komai na nan. Muninki bai ragu ba."

Da na samu bakin magana na ce, "Ka ce ka sani. Tun yaushe?"

Ya zauna a tsakuwa ya jingina da wani teburin siminti. "Tun Afrilu. Da kina zagin rami kafin mu faɗa, sai kika koma zaginsa bayan mun faɗa. Na ji kina neman mukulli a kan tebur da tafin hannu, irin nemana. Jan jirgin su Oom Dawie kuma da kike nuna mini duk Lahadi, tun kafin azumi aka sayar da shi, yana can tashar jiragen Saldanha."

Kunya ta rufe ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ce, "Ka sani, ka hau bayana? Wata biyar? Kai wane irin mahaukaci ne? Me ya hana ka magana?"

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Sannan ya ce, "Lokacin da nawa ya fara tafiya, kowa ya zo ya karɓi abin da ke hannuna tun ban gama da shi ba. Makantar ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Na rantse ba ni zan karɓe kan keke daga hannunki ba, sai kin ajiye da kanki. Na ce in sa birki, in koya miki hanya, in jira." Ya goge fuska da hularsa. "Kuma kada in yi miki ƙarya, ina son Lahadina. Na so ta ƙara ko da guda ɗaya."

Da ƙafa muka ƙarasa gida bayan hazon ya washe, muna tura Kwalekwale a tsakiya.

Ranar Laraba ya raka ni asibiti, yana riƙe da gwiwar hannuna, ban san wa ke jan wani ba. Likitar ta ɗiga mini magani, ta haska, ta daɗe tana dubawa. Ta ce na dama za a yi ƙoƙari da allura, ana iya tsayar da shi inda yake. Na hagu kuwa ya riga ya tafi. Ta tambayi yaushe na fara ganin zaren, na gaya mata. Ta ajiye biro ta ce, "Haba Anti. Da a Afrilu ko Mayu kika zo, da mun ceci duka biyun."

Boeta na zaune a kujerar gefena. Na ji numfashinsa ya tsaya. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, ya ce, "Kwana uku na yi ina haɗa birki. Da minti ɗaya na yi na buɗe bakina." Na ce masa idon nawa ne, ƙaryar tawa ce, kada ya ƙwace mini laifina shi ma. Bai yi dariya ba. A ranar da kansa ya hau kujera ya rataye Kwalekwale a bangon rumfa. Mutanen ƙungiyar masu keke sun zo har sau uku, kowa na cewa zai riƙa tuƙa shi. Ya yi musu godiya, ya ba su shayi, ya ce ya sauka.

Yau shekara huɗu. Yana da sittin da biyar, har yanzu yana gyaran keke da lalube, kuma har yanzu babu mai ɗaure wili kamarsa a Hout Bay. Shi ya koya mini zuba shayi da yatsa a bakin kofi, da ƙirga matakalar unguwa, da yadda ake cewa "bar shi, zan iya" ba tare da zagi ba, ko da yake wannan ban gama koya ba. Wuƙata tana hannuna, bai bari kowa ya taɓa ta ba.

Ranar Lahadi wani maƙwabcinmu kan sauke mu a ƙoli da motarsa in zai wuce. Mu zauna a kan katanga, masu keke na wucewa suna kiran sunansa, yana gane kowa da kukan sarƙarsa. Mu raba koesister ɗaya. Ya lashe yatsu ya ce, "To Nesa, me kika gani?"

In ce, "Haske a dama. A hagu babu komai."

Sai ya ce, "Madalla. To yi shiru ki ji. Akwai ƙattin kifayen nan biyu a ƙasa da mu, uwa da ɗa. Ga uwar nan za ta fesa."

In yi shiru. Can sai in ji.